Amsa ga 'yar'uwar da aka ce tana da kansar bakin mahaifa da ta ƙwai

'Yar'uwa, sannu. Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa kaffara ne. Kin ce likita ya gaya miki akwai kansa a bakin mahaifa, akwai kuma a ƙwai, kina tambayar ta ina za ki fara. Da yawanmu a nan mun san wannan ranar. Likita yana magana, kunnenki ya toshe, ki fito da takarda a hannu ba ki san me aka ce ba. Shi ya sa komawarki ta gaba kada ki je ke kaɗai, ki tafi da wanda zai rubuta.

Tambayar farko da za ki yi masa: kansa biyu ce daban-daban, ko ɗaya ce ta yaɗu? Sikanin ba ya raba wannan gardama, sai gwajin tsokar da aka yanka. Maganinsu ba ɗaya ba ne. Ki karɓi kwafin sakamakon, ki kuma nemi a ba ki ɗan kakin da aka adana tsokar a ciki, domin idan aka tura ki wani asibiti za su so su sake dubawa. Ki tambayi matakin kowacce, daga 1 zuwa 4.

Ta bakin mahaifa idan ta wuce tiyata, gashi ake yi, wato a ƙona ƙarin da hasken inji, Litinin zuwa Juma'a, wajen zama 25 cikin mako 5, tare da cisplatin, maganin kansa da ake sawa ta jijiya (kemo), sau ɗaya a mako, sannan gashin ciki da ake sa na'ura ta gaba. Duka ana so a kammala cikin mako 8. Nan ne ake faɗuwa. Inji ya tsaya, ko kuɗi su ƙare, a yi mako uku a gida, ciwon ya sake samun ƙarfi. Tun kafin ki fara ki tambaya ko wurin suna yin gashin ciki, in ba sa yi, ina za su tura ki, a kama miki layi tun yanzu. Ki bincika Shika a Zariya, Asibitin Ƙasa a Abuja, Sakkwato da Gombe. Ta ƙwai kuwa tiyata ce, a cire mahaifa da ƙwai biyu da bututunsu da kitsen da ke lulluɓe hanji, sai kemo na carboplatin da paclitaxel duk mako 3, yawanci sau 6. Wani lokaci sai an yi uku kafin a yi aikin. Wanda za a fara, likitocin mata da na kansa ne za su zauna tare su yanke, kada ki yarda kowa ya yi nasa shi kaɗai.

Abin da ya fi ƙona min rai su ne masu cewa sammu ne, ko kada a bari ƙarfe ya taɓa shi. Za su zo, wasu ma daga cikin dangi. Za su kawo jarka da ƙullin gari, su karɓe kuɗin da ya isa kemo biyu, bayan wata huɗu a dawo da mace ƙafa ta kumbura, fitsari ya tsaya saboda ƙarin ya danne hanyar ƙoda. Ranar ba za ki ga ko ɗayansu a bakin gado ba. Addu'a ki riƙe ta da ƙarfi, amma jiƙon da ba ki san me ke ciki ba, ga cisplatin mai wahalar da ƙoda, a'a. Har diclofenac da ibuprofen ki bar su sai da izinin likita. Ki sha ruwa sosai.

Kafin kowane kemo za a auna jini da ƙoda. Jini in ya yi ƙasa gashi ba ya ci yadda ake so, to ki tanadi 'yan'uwa biyu ko uku masu ba da jini. Ki sayi ma'aunin zafi. Ya kai 38, musamman tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kemo, asibiti kai tsaye ko tsakar dare ne, kada ki sha farasitamol ki kwanta. Sumar kai za ta zube, tana dawowa. Yatsu in sun fara dindiris ki faɗa da wuri, a rage magani. CA-125, gwajin jinin da ake bibiyar kansar ƙwai da shi, ki riƙa rubuta lambarsa duk gwaji, amma kada lamba ɗaya ta hana ki barci.

Al'ada za ta ɗauke gaba ɗaya, da zufa da zafin jiki, kuma maganar haihuwa ki yi ta da maigida a gaban likita, don ya ji da kunnensa. Ki nemi gwajin HIV in ba a yi ba, ba zargi ba ne, yana canza yadda ake kula da ke. 'Ya'yanki mata masu shekara 9 zuwa 14 a yi musu rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke jawo kansar bakin mahaifa, tun 2023 kyauta ne. Wajen kuɗi, ki je ofishin walwalar marasa lafiya ki tambayi asusun tallafin kansa na gwamnatin tarayya, yana ɗaukar ta bakin mahaifa. Ki tafi da sakamakon gwajin tsokar, da shi za su fara tambayarki.