Ki bar shi da dokinsa na kara

Ɗiyata, saƙonki ya iso. Kin ce yaronki mai shekara 4 ba ya da aiki sai wasan ƙasa da hawan kara, surukarki kuma ta hana ki tsawata masa, wai haka aka gada. Kina tambaya ko al'ada ce kawai, ko da wata hikima a ciki.

Ni dai ina bayan surukarki. Da muna yara nan Maradi, ba mai damun yaro da karatu mai nauyi sai ya fara famfarar haƙori, wajen shekara 7. Kafin nan ƙasa ce allonsa. Dubi dara: gurbi 30, kowa da 'ya'yansa 12, sai ka jera uku ka ci na abokinka. Yaron da ya tsuguna yana kallon manya suna yinta ya iya ƙirga tun bai ga ƙofar lakwal ba. Langa tana koya masa tsayuwa da ƙafa ɗaya, da faɗuwa ba kuka. Ku kuwa mata, da 'yar tsana da ƙoƙon tuwon ƙasa kuka fara rabon kwano, har da gardamar wa aka yi wa ƙwauro.

Da na shiga aikin koyarwa sai na tarar Turawa sun rubuta abin da kakanninmu suke yi. Wani Bajamushe, Furobel, a 1840 ya raɗa wa makarantarsa suna lambun yara, shi ne asalin jardan, makarantar ƙananan yara da kuke biyan kuɗi yau. Wani masani ɗan Rasha, Bigotski, har misalin dokin kara ya kawo: ran da yaro ya ce wa sanda doki, ya fara gane abu yana iya tsayawa a madadin wani. To, baƙi a kan allo me yake yi in ba tsaya wa sauti ba?

Kafin in gane haka, na taɓa karya wa wani ɗalibina motar kara a aji, mai ƙafafun marfin kwalba da ƙofa mai buɗewa. Har yau in na tuna sai in ji kunya.

Abin da zan ja miki kunne a kai shi ne waya. Wannan ba wasa ba ne, zama ne. Ki karɓe ta, ki tura shi waje cikin tsaransa, idonki na kansa, musamman da damina in gulbi ya kawo ruwa. Bayan isha'i ki yi masa gatanan gatananku. In ta ɓace miki, ki zo wurin goggonki, har yanzu tana riƙe da ta gizo da ƙoƙi.

Ki gaishe da maigidan.

Kawunki