Korona a gadon asibiti: abin da take yi wa dattijo daban, na yaro daban

Tambaya: Likita, daga Mabera nake. Mahaifinmu shekararsa 68, yana da ciwon suga da hawan jini. Yau kwana shida yana zazzaɓi da tari, an gwada shi an ce korona ce. Shi kuwa ya ce ya ji sauƙi, ba inda za shi. Wai ashe cutar nan tana nan har yanzu? Me za mu sa wa ido?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Tana nan daram, Hajiya. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye ranar 5 ga Mayun 2023 shi ne dokar ta-ɓaci a kan cutar, ba cutar kanta ba. Gaskiya ne rigakafi da yawan kamuwa da aka yi sun rage mata kaifi, ba kamar 2020 ba, lokacin da ake kai masu ita cibiyar killacewa ta Amanawa da ke jihar Sakkwato. Amma waɗanda take kayarwa ba su canza ba. Babban rahoton farko da hukumar yaƙi da cututtuka ta China ta fitar a Fabrairun 2020, a kan mutum fiye da 44,000, ya nuna kashi 81 cikin ɗari sun yi ta sama-sama, 14 ta yi musu tsanani, 5 kuma sun kai ga rai kwakwai mutu kwakwai. Cikin waɗanda suka kai shekara 80, kusan kashi 15 cikin ɗari sun rasu. Tsufa, suga, hawan jini, ciwon zuciya ko na ƙoda da ƙiba su ne ke tura mutum cikin wannan rukuni, kuma Baba ya haɗa uku.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne kwana shidan nan. A wurin manya, korona ta fi juyewa tsakanin kwana na bakwai da na goma. Zazzaɓi kan lafa, gida ya saki jiki, ashe a lokacin ne huhu ke kumbura. Wani majinyacin za ka same shi zaune yana hira da raha, ka maƙala masa 'yar na'urar auna iska a yatsa, ta nuna 84. Bai san yana cikin haɗari ba, don ba kowa ke jin sarƙewar numfashi ba.

Saboda haka kada ki tsaya a kan “na ji sauƙi”, domin dattawanmu ba su cika faɗin ciwo ba. Ki nemi wannan na'urar, ana samunta a manyan shagunan magani. Mai lafiya kan nuna 95 zuwa sama. In ta sauka 94 ko ƙasa kuma ta tsaya a nan, a tafi asibiti. Ƙasa da 90 kuwa ba a jiran gari ya waye. A ɗumama masa hannu kafin a auna, don yatsa mai sanyi, musamman da hunturu, na sa ta yi ƙarya. Ki kuma lura da shi idan ya taso daga alwala: yana haki? Yana iya kai aya ƙarshe ba tare da ya tsaya neman numfashi ba? Ruɗewa, yawan barci, ciwon ƙirji ko raguwar fitsari duk alamun tashi ne. A riƙa auna sugansa kullum, don ciwon na hargitsa shi. Ni dai da a gabana yake, yau zan so likita ya duba ƙirjinsa, ko da za a sallamo shi ya koma gida.

Tambaya: Likita, ni manomi ne a Gwadabawa. Wata guda da ya wuce mura ta zagaye gidana. Yanzu 'yata mai shekara 7 tana zazzaɓi kwana huɗu, idanunta sun yi ja, ga ƙuraje da ciwon ciki. Mun ba ta maganin maleriya bai yi ba. An ce korona ba ta kama yara, ko?

Amsa: Malam, tana kama su. Sai dai yawancinsu da mura, ɗan zazzaɓi ko gudawa take wucewa, wasu ma ba a sanin sun yi. Yaran da ake kwantarwa galibi jarirai ne 'yan ƙasa da shekara guda, ko masu wata lalura tun asali, irin su sikila, ciwon zuciya, asma ko tamowa. Kwanciyarsu ba ta cika daɗewa ba, kuma mace-macensu kaɗan ne ƙwarai in an gwada da na manya.

Amma akwai wani abu da likitocin yara a Ingila suka fara lura da shi a Afrilun 2020, ana kiransa MIS-C. Mako biyu zuwa shida bayan korona ta wuce, sai garkuwar jikin yaro ta yi tawaye, ta far wa gaɓoɓinsa. Zazzaɓi mai naci, jan ido ba kwantsa, leɓe ya tsage, ƙuraje, amai da ciwon ciki mai tsanani, har wasu a ɗauka afendis ne. Haɗarinsa yana ga zuciya, jini kan faɗi farat ɗaya. Ba kasafai ake ganinsa ba, ya kuma ragu sosai a 'yan shekarun nan, kuma mafi yawan yaran da aka kai da wuri sun warke sarai.

Ban ce shi ne ke damun 'yarka ba. Ƙyanda, taifod da sanƙarau duk suna iya zuwa da kama irin wannan, kuma sun fi shi yawa a ƙasarmu. Ko wanne ne, ba na jinyar gida ba ne. Ka kai ta babban asibiti yau, ka faɗa musu labarin murar watan jiya, don shi zai sa su yi tunanin duba zuciyarta. In suka ga abin ya fi ƙarfinsu, za su tura ku Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Tambaya: Wani mai kemis a unguwarmu ya ce dexamethasone da kulorokwin ne maganin korona. In saya in ajiye?

Amsa: A'a. Binciken RECOVERY da aka yi a Birtaniya a 2020 ya nuna dexamethasone na rage mutuwa da kusan kashi ɗaya bisa uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi, da ɗaya bisa biyar ga masu shan iskar oksijin. Wanda bai kai ga buƙatar oksijin ba bai amfana ba, yana ma iya cutuwa, ga shi yana haura da suga. Wannan binciken dai ya gwada ɗan'uwan kulorokwin ga waɗanda aka kwantar, bai hana mutuwa ba. A asibiti, abin da ke ceton rai shi ne oksijin, kwantar da majinyaci rub-da-ciki don huhu ya buɗe, allurar hana jini daskarewa, da dexamethasone a lokacin da ya dace.

Tambaya: Ni malamar makaranta ce a Arkilla. An sallame ni daga asibiti bayan jinyar korona wata huɗu ke nan, amma har yau gajiya ba ta bar ni ba, ga mantuwa. Hawa bene ma sai na huta.

Amsa: Malama, ba ke kaɗai ba ce, kuma ba raki ba ne. Idan alamu suka kai wata uku daga fara ciwon, suka kuma ɗauki aƙalla wata biyu ba wani dalili, ana lissafa su cikin doguwar korona, wadda ta fi bin waɗanda suka kwanta a asibiti. Da yawa suna samun sauƙi a hankali. Kafin a ɗora wa korona laifi dai, a duba yawan jininki, suga da zuciya, a ɗauki hoton ƙirji. Ki raba aikinki, kada ranar da kika ji ƙarfi ki ce sai kin biya bashin mako guda, don washegari za ki kwanta. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya sarƙe kwatsam da ciwon ƙirji, wannan na iya zama gudan jini ne, sai a wuce sashen gaggawa kai tsaye.