Zanen falo: bugun inji ko aikin hannu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun tare a sabon gida a Unguwar Rimi, bangon falo babu komai. Maigida ba ya son hoton mai rai. Na ga zane biyu: ɗaya bugun inji ne na tuffa da inabi a kasuwar Sheikh Gumi, mai araha, ɗayan wani ɗalibin Zariya ne ya yi da hannu, tulu da faifai da goro a kan tabarma, amma da tsada. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya sanya albarka a gidan. Ni dai na hannun zan ce ki ɗauka, amma sai kin koma kin ƙare masa kallo.

Zana tulu ba wuya. Gwanintar tana wajen zaman tulun da abin da ke kewaye da shi. Ki duba inuwar kayan, duk gefe guda ta faɗi? Jan goron ya ɗan haska a bakin faifan? Tabarmar ta nuna an ɗora mata nauyi? In kika ga kowane abu tsaye shi kaɗai kamar an yanko shi an manna, aikin bai nuna ba, ki bar shi ko da an rage miki kuɗi. Giorgio Morandi na Italiya, wanda ya rasu a 1964, kwalabe da kwanoni ya yi ta zanawa shekara da shekaru, kuma tazarar da ke tsakaninsu da hasken da ke kansu ne suka ɗaukaka sunansa.

Kayan gidanmu da yaron ya zaɓa sun burge ni. Tun 1958 ɗaliban zane a Zariya, irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya kan cewa mai zane ya ɗebo daga al'adarsa.

Ki roƙi ɗalibin ya kawo zanen gida, ki gan shi a bangonki da safe da kuma dare, domin launin bango da labule suna sauya shi. Ki tambaya ko fentin mai ne. Shi yakan ɗauki watanni kafin ya bushe sarai. Ki ce ya sa hannu da shekara a jikin zanen. Kada ki rataye shi inda rana ke duka ko bangon da ke tsatsafo ruwa da damina. Ƙurar hunturu kuwa da busasshen buroshi mai laushi ake kaɗe ta, ban da jiƙaƙƙen tsumma.