Ta Yaya Kifi Ke Tona Asirin Gurɓataccen Ruwa?

Tambaya: Malam, a Jos muna cin kifin tsofaffin ramukan kuza. Ta yaya masana ke gane gubar ƙarafa a jikinsa?

Amsa: Malama, dabarar da ake bi a gaɓar teku, kamar Legas, ita ce a nan. Ana kamo kifaye iri ɗaya, masu girma ɗaya, a ciro hanta da jini. Ƙarafa irin su kadmiyam da tagulla kan sa hanta ta yawaita metalotiyonin, wani furotin mai kama ƙarafa. Dalma kuwa kan rage aikin ALA-D a jini, wani sinadari mai taimakawa wajen samar da jini. Waɗannan sauye-sauye ne masana ke aunawa su gane gubar. Dole a daskarar da hantar nan take a sanyin digiri -80 na ma'aunin Salshiyos, in ba haka ba furotin ya lalace. Sai an kula da matan kifi masu ƙwai: metalotiyonin nasu kan hau ko da ruwan tsaf yake. Zaiba kuwa a tsoka take taruwa, dafuwa ba ta fitar da ita.