Tambaya da Amsa: Almakashi Ya Ƙi Cin Labarina

TAMBAYA: Anti, barka da aiki. Ni tela ce, shekarata tara ina ɗinkin mata. Da dare in yara sun kwanta nakan yi rubutu a waya. Bana na ɗaura niyyar shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa, sai ga shi labarina ya haura kalma 4,000, su kuwa ba sa karɓar wanda ya wuce 1,500. Duk inda na ɗora hannu zan cire, sai in ji kamar naman jikina zan yanka. Maigidana kuma ya ce in tsaya a kan kekena, wai rubutu sai 'yan jami'a. Yaya zan yi?

Mai ɗinki, Tudun Wada, Kaduna

AMSA: Ƙanwata, na yi dariya da na karanta wasiƙarki. Ke da ake miƙo wa leshin dubban nairori ki zuba masa almakashi ko gezau, yau ke ce kike tsoron goge kalma?

Ni ma a gindin keke na tashi. Babanmu ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri. Da masaƙun suka durƙushe sai ya sayi keken ɗinki ƙirar Butterfly na hannu, ya kama rumfa a Kasuwar Barci. Abin da na fi tunawa ba ɗinkin ba ne, tsayuwarsa ce kafin yanka. Zai shimfiɗa shadda a tebur, tef rataye a wuya, ya ja layi da alli, ya goge da gefen hannu, ya sake ja. Sai ya yi shiru har in ɗauka ya manta da ni. Can sai ya yi bisimilla, ka ji almakashi na tafiya ƙuras, ƙuras. Yakan ce taka keke kowane yaro ya iya, a wajen yanka ake gane tela.

To ke kin riga kin saƙa yadinki. Kalma 4,000 ɗin nan ba riga ba ce tukuna, turmin atamfa ne, yadi shida cif. Wa ya taɓa ɗinke turmi gaba ɗaya don yana jin tausayin fulawar jikinsa?

Fara da awo. Ba kya yanka sai kin san mai rigar, saboda haka ki faɗa wa kanki a jimla ɗaya: labarin wace ce, me take nema, me ya tare mata hanya. Kafaɗa da ƙirji da tsawo ke nan. Duk abin da ya faɗa bayan wannan layin alli, ƙyalle ne.

Bari in tona wa kaina asiri. Ina 'yar shekara goma sha huɗu, ana saura kwana uku sallah, Baba ya ba ni hannayen wata riga in yanka. Na ninka atamfar ba daidai ba, na fitar da hannu biyu duk na dama. Kowanne ya yi kyau abinsa, amma matar ba ta da dama biyu, yadin kuma ya ƙare. Ranar na ga jan ido. Yau idan matasa suka kawo mini rubutu, wannan kuskuren nake yawan tsinta: uwar miji ta ci zarafin amarya a kicin, shafi na gaba ta sake ci a tsakar gida, ba abin da ya ƙaru. Duba naki, na tabbata akwai hannun dama biyu. Cire ɗaya. Haka doguwar gaisuwa, da lissafin kayan ɗakin amarya tun daga gado har labule. Aska takwas a babbar riga take kyau, ba a rigar jariri ba.

Inda sana'o'in biyu suka rabu kuwa, ke ce da riba. Yadi in an yanke ya yanku, rubutu kuwa ba ya ƙarewa. Ajiye na asalin a gefe, ki yi yankan a kan kwafi. Abin da kika cire ki tara shi kamar buhun ƙyallayen da ke ƙarƙashin kekenki, wata rana za ki fitar da hular yaro a ciki. In kin gama, juya rigar ki duba cikinta: karanta labarin da ƙarfi, ko ki karanta wa wata ƙawa da ba ta jin kunyarki. Inda harshenki ya sarƙe, nan zare ya tattare, sai a farke a sake bi.

Maganar maigida, kada ki ja da shi. Tun da aka fara gasar nan a 2016 labari ake dubawa, ba takardar digiri ba. Ki dai tabbata ɗinkin mutane bai kwana ba saboda rubutu, kuma in kin kammala shi za ki fara karanta wa.

Sai abu ɗaya, kuma kada ki ji haushina. Ranar rufe gasa ba ta san alƙawarin tela ba. Can babu "Hajiya, ki dawo jibi, saura maɓalli kawai."