Teɓa, Sukari da Masu Tallan Magani

Tambaya: Ni matashi ne daga wani ƙauye kusa da Ringim. Wata huɗu ke nan kullum bayan Asuba ina kwanciya ina tashi sau ɗari, don cikina ya ɗame ya yi layi-layi irin na 'yan ƙwallo, amma teɓa tana nan. Kuma ni ba na shan sukari. Ko in sayi ƙarfen ɗagawa?

Amsa: Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna. Tsokar da kake nema tana nan, kitse ne ya lulluɓe ta. Kwanciya da tashi yana ƙarfafa naman ciki, amma ba ya zaɓar kitsen wurin ya narkar. Jiki daga ko'ina yake zaftare kitse, shi ma sai abin da ka ƙona ya fi abin da ka zuba.

Zancen ba ka shan sukari kuwa, zo mu yi lissafi. Mai shayi cokali nawa yake zuba maka, ban da madarar gwangwani mai kauri? Kokon safe fa? Furar rana, ka taɓa tsayawa ka ƙirga abin da aka dama da shi? Ga zoɓo, ga kunun aya, ga burodin nan mai zaƙi. Robar lemo irin na kola mai santilita 50 tana ɗauke da sama da giram 50 na sukari, wajen cokalin shayi 13. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce kimanin cokali 12 a yini, in ya tsaya a 6 ma ya fi. Roba ɗaya ta cinye maka rabon yini. Abin takaicin, zaƙin ruwa ba ya ƙosarwa: ka shanye, ka zo ka tashi da malmalar tuwonka yadda ka saba. Fara da barin lemo wata biyu, ka ci gaba da motsa jikinka, sannan ka sake rubuto mini.

Tambaya: In na koma zuma da mazarƙwaila, ai na tsira ko? Daga Gaya.

Amsa: Mazarƙwaila ruwan rake ce da aka dafa, a ina ka tsira? Zuma tana da darajarta, ba musu, amma in ka malala ta a kofi, lissafin ɗaya ne.

Tambaya: Ran Juma'a a kasuwar Wudil na ga mai sayar da shayin rage tumbi da bel ɗin ɗaure ciki, duka dubu bakwai. Wanne ya fi aiki?

Amsa: Wanda ya fi aiki shi ne mai lasifikar, don shi zai koma gida da dubu bakwai. Wannan tambaya ta ishe ni, kusan duk wata sai ta zo. Bel gumi yake sa ka, ruwa ne ya fita, kana shan moɗa biyu ya dawo. Shayin kuwa, da yawa daga irinsa filasko ne ko danginsa a ciki, wato maganin gudawa. Ka kwana kana zarya bayan gida, da safe ciki ya lafe, ka ce magani ya ci. Kitsen ko gezau. In ka daɗe a kai, hanji ya saba, jiki ya bushe, ga kasala ana tsakiyar aikin gona. Kullum ina faɗa: garin magani a ƙulle cikin leda, ba sunan mai yi, ba ranar lalacewa, ba lambar NAFDAC, me ya kai shi bakinka? Lambar ma akwai masu buga ta jabu, balle babu. Kuma mai tallan nan, sati mai zuwa yana wata kasuwar, wa za ka kama? Mutum zai tsaya ya yi ciniki kan akuya rabin yini, ya duba haƙori ya duba kofato, amma abin da zai shiga cikinsa sai ya miƙa kuɗi don an nuna masa hoton wani ƙato a kwali. Ka kai kuɗin nan wurin mai wake da gyaɗa.

Tambaya: Ni uwa ce daga Gezawa. Tun da na yaye, kullum bayan La'asar sai kwaɗayin zaƙi ya taso, in ban sha alewa ko lemo ba har kaina ke ciwo. Cikina ya ƙi komawa, kuma ina tsoron ciwon suga, don shi ya kwantar da mahaifiyata.

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, Allah Ya ba Mama lafiya. Kwaɗayin zaƙi shi kaɗai ba ya nuna ciwo. Sau da yawa ƙarancin barci ne, ko karin kumallo na koko zalla da ba ya riƙe ciki. Haɗa shi da ƙosai ko ƙwai, da rana a samu wake ko kwaɗon zogale, ki ajiye gyaɗa kusa don La'asar. Sukarin kuma rage rabin cokali duk mako, harshe yana sabawa. Cikin haihuwa a hankali yake komawa, kada ki ƙuntata wa kanki. Amma tunda akwai ciwon a gida, ki je asibiti mafi kusa a gwada jininki, ɗan tsira yatsa ne kawai. In kuma kina fama da yawan ƙishirwa da fitsarin dare ko rama ba dalili, kada ki jira ranar kasuwa, ki tafi gobe.