Doki ko babur mai taya huɗu a Swakopmund?

Ɗan'uwa, tambayarka wanne za ka fara hawa a Swakopmund ta Namibiya tunda ba ka taɓa ko ɗaya ba. Ni dai doki na fara, cikin busasshen kogin Swakop, tafiya a hankali mai jagora na gaba. Babur ɗin ne sai ka yi hattara, tudun yashi ta gaba lafiya lau amma bayansa gangare ne a tsaye, kar ka haye da gudu, kar ka bar sawun jagora. Kuma garin a hamada yake a bakin teku, amma sunan hamada kar ya ruɗe ka, da safe hazo ne da sanyin teku har ƙashi, ka riƙe rigar sanyi da tabarau saboda yashi. In kana fama da ciwon baya fara ganin likita tukuna.